Ƙaramar majami'a a tsakiyar unguwa: ta ina za a fara kusantar maƙwabta?

Mai bishara, Ali Ɗan Sofo:
Salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. Ikilisiyarmu, a unguwar Ali Ɗan Sofo cikin Maraɗi, ba ta kai mutum 50 ba har da yara, kuma kusan duk maƙwabtanmu Musulmi ne. Baikon wata da ƙyar yake biyan haya da wuta. Muna so unguwa ta amfana da mu, kada mu zama baƙin da ake gani ranar Lahadi kaɗai. Iyayenmu da kuka daɗe cikin aikin nan, ta ina ake farawa?

Tsohon fasto, Tsibiri:
Ɗana, ƙofar mai unguwa ce ta farko, tun ba ku kashe ko dala ba. Ku je mutum biyu ko uku, dattijo a gaba, ku gaishe shi, daga nan ku wuce wurin limamin masallacin da ya fi kusa da ku. Kada ku je da shiri a hannu. Ku tambayi abin da ya fi damun unguwa, ku saurara. Aikin da shugabanni ba su san da shi ba, jita-jita ce ke riga ku bayyana shi, kuma duk wanda ya tuna majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 ya san ba a wasa da wannan.

Sai zumunci, wanda ba ya cin kuɗi. Gaisuwar rasuwa kada ta wuce ku, haka suna da barka da sallah. Da azumi a kai sukari gidajen da ke kewaye da ku. Idan za ku raba abincin Kirsimeti, mahauci Musulmi ya yanka dabbar, kuma mai kai kwanon ya faɗi haka, in ba haka ba a karɓa don kunya, a zubar. Lasifika kuwa a kashe ta lokacin kiran sallah, ta addu'ar dare kada ta fita waje.

Uwar zumuntar mata, Zariya:
Baba Fasto ya faɗi gaskiya. Idan kun samu karɓuwa, ku ɗauki aiki ɗaya tak. Ni na fi ganin amfanin ƙaramin bankin cimaka. A sayi gero da kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin yana araha. Buhu 5 ma sun isa farawa, kowane mai kilo 100 yana ba da wajen tiya 40. A ajiye shi a ɗaki busasshe, bisa katako, kada ya taɓa ƙasa ko bango. A buɗe daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbuna suka ƙare, a sayar tiya-tiya ƙasa da farashin kasuwa, amma sama kaɗan da kuɗin saye, don a iya sake cika ɗakin. A sa iyaka ga kowane gida, kamar tiya 4 a sati, don kada ɗan kasuwa ya turo yara su kwashe.

Abu biyu ke kashe shi: bashi, da kuɗi a hannun mutum ɗaya. Makulli wurin wata, kuɗi wurin wata, littafi wurin ta uku, kuma cikin kwamitin a sa matan unguwa waɗanda ba 'yan ikilisiya ba. Tsarin ba baƙo ba ne gare su, asusun Mata Masu Dubara a nan jihar Maraɗi ya fara a 1991. In wake ne, sai buhun PICS, wato buhun ajiya mai ninki uku da ke hana iska shiga, a matse iska, a ɗaure kowane ninki daban. Huda ɗaya a ledar, ƙwaro ya samu iska.

Mushe (malamin makaranta), Bagalam:
Mama, wanda haya ke gagara, buhu 5 nauyi ne. Darasin yamma ya fi sauƙi: allo, alli, tabarma da fitila, lissafi da Faransanci ga masu shirin BEPC, jarrabawar ƙarshen ƙaramar sakandare, sau uku a sati. Uba ko uwa su zo da kansu su rubuta yaro, ƙofa a buɗe, manya biyu a wurin, a tashi kafin magariba. Kuma abin da aka ce za a koyar shi za a koyar. Ranar da yaro ya koma gida da waƙar majami'a ba da sanin iyayensa ba, ajin ya watse, amanar ma ta tafi. Wanda ya tambaye ka dalilin bangaskiyarka, ka amsa masa a fili, amma kada gero ko darasi su zama sharaɗi.

Mai bishara, Ali Ɗan Sofo:
Na gode, iyayena. Wasu cikinmu suna son raba magunguna da damina, saboda zazzaɓin sauro. Yaya kuka gani?

Tsohon fasto, Tsibiri:
Kada ku yi, ɗana, tunda ba ku da ma'aikacin lafiya. Zazzaɓi sai an gwada jini, kuma maganin yaro da nauyinsa ake auna shi. Ku ware ɗan kuɗin kabu-kabu don kai marar lafiya likita. Mai tabo a fata wanda ba ya jin taɓi, ko mace mai yoyon fitsari, a raka su asibitin Danja, kusa da Maraɗi, can ake aikin kuturta da na yoyon fitsari.