Zuwa ruwan ɗumi na Wikki daga Kano: ta ina za a bi, me za a riƙa?

Ɗan Gwale:
Assalamu alaikum jama'a. Ina shirin kai iyali Yankari a hutun Disamba, yara su yi wanka a Wikki. Wace hanya ta fi daga Kano? Wanda bai iya iyo ba zai iya shiga? Kuma sanyin hunturu ba zai hana ba?

Direban Unguwa Uku:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ka bi Wudil, Birnin Kudu, Ningi, ka faɗa Bauchi, wajen kilomita 300 ke nan. Daga Bauchi ka ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ka karya dama zuwa ƙofar gandun da ke Mainamaji. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, isa ƙofa ba isa Wikki ba ne: akwai sauran kilomita 40 da 'yan kai a cikin daji, kuma ba wurin gudu ba ne, dabba na iya tsallaka titi. Ka cika tanki a Bauchi, ka duba safaya, ka riƙe tsabar kuɗi. A tashi bayan asuba, a shiga gandun kafin la'asar.

Malamin Kabuga:
Batun sanyi kada ya dame ka, Alhaji. Ruwan yana kan digiri 31 dare da rana, rani da damina. Ruwan sama ne da ya nutse can ƙarƙashin ƙasa, zafin ƙasa ya ɗumama shi, ya dawo ya ɓullo ta gindin wani dutse, don haka iskar waje ba ta canza shi. Ba ya kwanciya, gudu yake yi har ya shiga kogin Gaji, shi ya sa yake garau, kana hango yashin ƙasa.

Wannan hasken kuma shi ne haɗarinsa. Ido zai ce maka ruwan iya ƙugu ne, alhali kusa da dutsen zurfin ya kai kusan mita 2, ya shanye babban mutum. Yara da wanda bai iya iyo ba su tsaya can ƙasa inda ruwan ya yi gajere, babba yana tsaye a cikin ruwa tare da su, ba a bakin gaɓa yana danna waya ba. Matakalar sauka tana da santsi in ta jiƙe, a riƙe hannun tsofaffi. Sanyin yana kama mutum ne bayan fitowa, saboda haka tawul da rigar sanyi su kasance a kusa. Ban da sabulu a ciki.

Hajiyar Tarauni:
Alhaji, ka ja kunnen yara a kan birai. Sun saba da mutane, leda kawai suke jira su gani a hannu su fizge, har ɗaki suna shiga in an bar taga a buɗe. Abinci ya zauna a mota a kulle, kada kowa ya miƙa musu komai, in sun ƙwace a bar musu. Mata su tafi da doguwar riga mara nauyi da wando a ciki. Zani yana kwancewa a ruwa, hijabi mai kauri kuma ya jiƙe ya yi nauyi. Da sassafe an fi samun sakewa, kafin 'yan yawon makaranta su cika wurin. In za ku fita kallon giwaye, a guji baƙaƙe da shuɗayen kaya, tsando yana bin su.

Ɗan Gwale:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. To a kwana ko a juyo ran nan?

Direban Unguwa Uku:
A kwana, Alhaji. Akwai ɗakuna a sansanin Wikki, amma Disamba lokacin cunkoso ne, ka kama tun kafin ka baro Kano.