Iska ta kwashe mana kwano, ya zan ɗaure tamfol kafin a gyara?

Ɗan Garin Malam:
Assalamu alaikum yan uwa. Hadarin daren jiya iska ta ɗage kwano biyu a ɗakin tsohuwarmu, ruwa har kan katifa. Kafinta ya ce sai an sayo sabon kwano kuma wlh ba hali sai ƙarshen wata. Na aro tamfol wajen maƙwabci, in na shimfiɗa na ɗora bulo a kai ya isa? Ga Agusta ta kama.

Usta Sabon Gari:
Wa alaikumus salam. Bulo kaɗai ba zai riƙe ba ƙanena, ka san nan Damagaram iskar gabas ke riga ruwa zuwa, da ta samu kafa ta shiga ƙarƙashi shikenan sai ta watso bulon tsakar gida, ga yara. Ka ja tamfol ɗin ya haye har can saman rufin, ya wuce inda ya ɓalle da kamar mita guda ta kowane gefe, in ka fara shi daga tsakiya ruwan sama zai gangaro ya bi ta ƙasansa. Bakin kuma ka naɗe shi jikin katako sau biyu ko uku sannan ka buga kusa ta ratsa ta kama katakon rufin. Kar ka buga kusa a tamfol tsirara, yagewa zai yi. Ka ja shi ya miƙe kar ya yi ciki ruwa ya kwanta.

Maman Biyu:
dan Allah kar ka hau kwano yana jiƙe, santsi ne da shi, kuma ka duba wayar wutar lantarki ta NIGELEC in ta bi ta wajen. Hajiya dai ta koma wani ɗakin tukuna

Ɗan Birni:
Bangon na laka ne ko siminti? In laka ne to tamfol ya sauko ya rufe kan bangon, nan ruwa ke cin gida. Mun ga yadda tsohon masallacinmu ya zube a damanar 2024. Igiya kuma ka nemi mai kauri a kasuwar Dole, banda yar siririyar nan ta shanya.

Ɗan Garin Malam:
Laka ne gaskiya. Na gode ƙwarai. Usta wace kusa zan saya?

Usta Sabon Gari:
Ta 10, wato mai tsawon santimita 10, ka yanko robar tsohuwar taya ka sa a kan kowace. Amma fa rana na cin tamfol, kuɗi na shigowa ka sa kwanonka.