Tsohuwar Jaguar E-Type a garejin maƙwabciyata: 'yar farkon fitowa ce ko kwaskwarima aka yi mata?

Baban Sadiƙ:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu ilimin tsofaffin motoci ku agaza mini, yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba.

Shekarata tara a Coventry ta Ingila, tasi nake tuƙawa da dare. Gidan da ke jikin namu na wasu tsofaffin Turawa ne, mata da miji, kuma tun ranar da muka tare ba mu taɓa ganin wulaƙanci daga gare su ba. Ranar da naƙuda ta kama mai ɗakina ina can hanyar filin jirgin Birmingham da fasinja, tsohon ne ya kai ta asibiti, ya zauna a bakin ƙofa har na iso. Duk babbar salla sai mun kai musu nama. Da ciwo ya kwantar da shi ni ke kai shi ganin likita kowace Talata, ko sisinsa ban taɓa karɓa ba. Bara ya mutu. 'Yarsu tana Ostareliya, ɗan kuwa yana Landan, sai Kirsimeti ake ganinsa. Yanzu tsohuwar za ta sayar da gidan, ta ce in taya ta kwashe tarkacen gareji.

A ƙarƙashin tamfol da tulin kwalaye na tarar da E-Type, mai rufaffen kai, sitiyari a dama, tayoyin duk sun kwanta. Ta ce rabon motar da titi tun kafin a haifi jikarta ta fari. Ta ce in ina so ni za ta fara yi wa tayi, ta faɗi kuɗi, nan take na ba ta fam 2,000 kafin alƙalami.

Na ji ana cewa 'yan farkon fitowa na 1961 sun fi sauran daraja nesa ba kusa ba. Da na ɗaga kafet na ga daɓen a shimfiɗe yake, babu ramin ajiye ƙafa. Fitilun gaba suna da murfin gilashi, kafireta uku, tsakiyar dashbod farin ƙarfe ne. A bayan motar Jaguar kawai aka rubuta. Ita ce ko ba ita ba ce? Ƙarshen wata ta ba ni in cika kuɗin.

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, shekara 14 na yi a wani garejin gyaran tsofaffin motoci a nan Ingila, don haka ka natsu ka saurare ni. Yawancin abin da ka lissafa ba hujja ba ne. Fitila mai murfin gilashi ta kai har 1967. Rubutun Jaguar shi kaɗai a baya yana nuna inji mai lita 3.8 ne, kuma 3.8 ta yi zamani daga Maris 1961 da aka fara nuna motar a Geneva har ƙarshen 1964 da 4.2 ta fito. Shekara uku da rabi ke nan, motoci dubbai.

'Yan farkon gaske abu uku ake dubawa. Makullin bonet a waje yake, can ƙasa bayan tayar gaba, da ɗan murfi mai ƙyalli kamar ɗigon hawaye, da wani mabuɗi mai siffar T ake buɗe shi. Motoci 500 kacal aka yi haka kafin a mayar da mariƙin cikin mota, jikin ginshiƙin ƙofa. Sai tsagogin iskan da ke saman bonet: a na farko daban aka ƙera su aka yi musu walda, in ka leƙa ta ƙasa za ka ga ɗinkin, na baya kuwa a jikin ƙarfen aka buga su. Na uku shi ne daɓen da ka gani, wanda aka daina a farkon 1962 saboda dogayen mutane suna kukan ba su da wurin sa ƙafa.

Ga inda zan ɓata maka rai. A cikin 500 ɗin nan, masu rufaffen kai da sitiyari a dama guda huɗu ne. Huɗu. Ka cire ranka daga makullin waje. Amma mai shimfiɗaɗɗen daɓe tana yiwuwa, su ma irin taka ba su kai 200 ba. Mene ne lambar chasis?

Baban Sadiƙ:
Na gode Oga. Lambar da ke jikin ɗan allon lambobin motar ta fara da 860, sauran tsatsa da baƙin mai sun cinye. Ta huɗun ko 1 ce ko 7. Amma ni dai jikina yana ba ni ita ce, domin tsohon ya taɓa ce mini wansa a masana'antar Jaguar ta Browns Lane da ke nan Coventry ya yi aiki.

Tsohon Bakanike:
Jiki ba ya karanta lamba. 860 daidai ne, jerin masu rufaffen kai na hannun dama ke nan, daga 860001 ya fara. Masu buɗaɗɗen kai na dama 850 ne, na hagu 875, masu rufaffen kai na hagu kuma 885. Amma tsakanin 1 da 7 ɗin nan duk maganar take. In 7 ce, an ƙera ta bayan an daina shimfiɗaɗɗen daɓe, wato hannun wani ne ya shimfiɗa shi. Ka bar allon, allo kowa na iya sayen sabo ya buga abin da ya ga dama. Ka ɗaga bonet, ka duba ƙarfen firam ɗin da ya gitta a gaban inji, ta dama, saman inda shokazoba ta kama. Nan aka buga lambar da guduma. Ɗan kananzir da burushin haƙori sun isa, kada ka kusance shi da sanfefa.

Alhaji Ɗan Kwatano:
Wallahi maganar lamba ta tuna mini da abin da aka yi mini. Mota na saya a hannun wani dillali da muke sallah a masallaci ɗaya, takardu cif. Wata uku ina hawa, aka tare ni a hanyar Zariya, ashe lambar injin an goge an sake bugawa. Wata biyar motar tana ajiye ana ruwa a kanta, da na karɓo ta ɓeraye sun gama da wayoyin. Dillalin har gobe yana gaishe ni ba kunya. Ni yanzu ko ubana ne zai sayar mini da mota sai na kira mai dubawa.

Ɗan Damagaram:
Ni shawarata daban. Ka cika kuɗin yau, gobe ma ta yi nisa. Ko ba 'yar farko ba ce, E-Type 3.8 ce fa, ba a yin asara a kanta. In ɗan nan na Landan ya ji labari ya kira masu gwanjo, kai ko ƙurarta ba za ka gani ba. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Tsohon Bakanike:
Wa ya ce ba a asara? Na ga mutanen da motar nan ta cinye musu gida. E-Type ba ta da chasis mai zaman kansa daga gilashin gaba zuwa baya, bodin ne ke ɗauke da kansa. In tsatsa ta ci dogaran ƙasan ƙofa da daɓe da wurin da ƙafafun baya suka kama, sai an kwance motar kaf an ɗora ta a kan ma'auni kafin a yi walda, in ba haka ba ƙofofin ba za su sake rufuwa daidai ba. Kuma abin da kuke mantawa, daɓe shi ne farkon abin da ke ruɓewa. Da yawa an canza musu shi tun shekarun 1970. Wasu 'yan farkon an yanke su an sa musu rami don jin daɗin tuƙi, wasu na baya kuma fanalbita ya shimfiɗa musu falan ƙarfe saboda shi ya fi arha. Yanzu da daraja ta tashi har da gangan ake yi.

Baban Sadiƙ, ga gwajin da ba ya buƙatar kuɗi. Ka tura kujerun gaba, ka dubi bangon da ke bayansu. A tsakiyar 1962 aka lotsa shi don kujera ta ƙara ja da baya. In ka ga lotsawar nan alhali daɓe a shimfiɗe, an taɓa motar. Ka dubi farin ƙarfen dashbod ɗin kuma: na farko ɗigo-ɗigo ne, a ƙarshen 1962 aka koma mai zanen gicciye, a 1963 aka rufe shi da baƙar leda. Sannan inji. Lambar tana saman matatar baƙin mai, tana kuma gaban kan silinda, dole su zo ɗaya, su fara da R, su ƙare da 8 ko 9 bayan ɗan layi. In ka ga 7E, injin 4.2 aka dasa. Kafireta uku kada ta ruɗe ka, babbar Jaguar Mark 10 ma da su ta fito, kuma an sha cire injinta a sa wa E-Type. Giyabos na asali lambarsa da EB take farawa, giya ta ɗaya ba ta shiga da sauƙi sai mota ta tsaya cak. Ka tafi da maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofofin, duk inda ya ƙi kamawa fila ce aka cusa. Kuma don girman Allah kada ka sa batir ka ce za ka tayar da ita. Wutarta a juye take, ƙafar fositib ce ke zuwa bodi, in ka haɗa irin na motar zamani za ka ƙona abubuwa. Injin da ya yi shekaru a kwance kuma sai an cire fulogogi an zuba mai an juya shi da hannu tukuna.

Baban Sadiƙ:
Oga, gaskiya ranar Lahadi na riga na gwada da batirin tasi. Ƙas kawai ta yi, ba hayaƙi ba komai, don haka ina ganin ban yi ɓarna ba. Bayan kujera ban duba ba, akwai kaya a wurin. Amma tsohon nan na san shi, ba mutumin da zai yi algus ba ne.

Maman Husna:
Ni ban san mota ba, amma tambaya biyu gare ni, yayana. Ita tsohuwar ta san abin da take sayarwa? Kuma Maman Sadiƙ ta san da fam 2,000 ɗin nan? Ina tambaya ne don maigidana ya taɓa kwashe kuɗin makarantar yara ya sayi wata akwalar mota wai zai gyara ya sayar, yau shekara shida tana ƙofar gida kaji na ƙwai a ciki. Ba kuɗin ne ya fi yi mini ciwo ba, a bakin ƙaninsa na ji.

Malam na Leicester:
Hajiya ta riga ni. Baban Sadiƙ, matar nan ta sa maka farashi ne bisa yarda, kai kuma kana zaton kayan sun fi haka nesa. In zatonka ya tabbata ka yi shiru, ka ƙware ta, kuma maƙwabciya ce, mijinta ya yi maka halacci a ranar da kake buƙata. Bayan haka akwai 'ya'ya, wataƙila suna da haƙƙi a motar. Ka zaunar da ita ka gaya mata abin da kake zato, a kira ɗan, a kawo mai kimantawa. In bayan ta sani ta ce ta bar maka a haka, halal ɗinka ne.

Baban Sadiƙ:
Allah gafarta Malam, ba ni na sa kuɗin ba, ita ta faɗa da bakinta, ban nemi ragin ko fam ɗaya ba. Ɗan nan da kuke magana ko jana'izar ubansa kwana biyu ya yi ya tafi, ni na ɗauki tsohuwar nake kai ta kasuwa. Kuma me zan gaya mata alhali ni kaina ban tabbatar ba? Batun gida kuwa, kuɗin rufin ginina ne na Zariya, damina da saura, zan mayar kafin lokacin. Zan gaya wa mai ɗakin in magana ta tabbata.

Alhaji Ɗan Kwatano:
In kana tunanin kawo ta gida ma ka sake lissafi. Tun 1972 muka koma tuƙin hannun dama a Najeriya, mota mai sitiyari a dama wahala ce. Mahaifina juya tasa aka yi lokacin, ba ta sake tafiya daidai ba har ya rabu da ita.

Tsohon Bakanike:
Wanda ya juya sitiyarin irin wannan motar ya kashe darajarta, a bar wannan maganar. Baban Sadiƙ, duk gardamar nan takarda ɗaya ce ke kashe ta. Jaguar Daimler Heritage Trust da ke Gaydon suna riƙe da littattafan masana'anta, daga gidanka bai kai tafiyar awa ɗaya ba, ta intanet ma ake nema. Ka ba su lambobin, su ba ka shaidar ranar da aka ƙera ta, ranar da ta bar masana'anta, launinta na asali da lambar injin da ta fito da shi. Sai dai ba rana ɗaya take fitowa ba, don haka ka roƙi tsohuwar ta ƙara maka lokaci. Takardar rajistar motar fa, ka gan ta? Sunan wa ke kai? Lambar da ke jikin bamba ma ka faɗa mana ko tana ƙarewa da harafi, domin sai 1963 aka fara sa harafin shekara a ƙarshe.

Ɗan Damagaram:
Kafin takardar nan ta fito an sayar da gidan da garejin. Ni dai na faɗi tawa.

Baban Sadiƙ:
Takardar rajista ta ce tana cikin akwatunan mijin, za ta nema. Ƙarin lokaci kuwa ba zan iya tambaya ba, sai ta ga kamar ina shakkarta. Asabar zan koma da tocila da kananzir in goge firam ɗin. Amma Oga, a ce 7 ce, ba zai yiwu a ce an yi kuskure a masana'anta an sa mata tsohon daɓen da ya rage ba?

Tsohon Bakanike:
Ka turo hoton lambar tukuna. Da na bayan kujera.

Maman Husna:
Har yanzu dai ba ka faɗa mana nawa ta ce ka biya ba, yayana.