Neman kalma: me za mu kira fowadin ɗin imel kafin gobe da safe?

Mai Fassara, Angwan Rogo: Assalamu alaikum malamai. A taimaka, ina cikin matsi. Kamfanin da nake yi wa fassara a nan Jos zai kwashe imel ɗin ma'aikata daga sabar ofis, wato kwamfutar da ke karɓa da ajiye saƙonnin, zuwa tsarin Microsoft 365 na intanet a ƙarshen makon nan, saboda Exchange 2016, tsarin imel ɗin da suke amfani da shi, an daina kula da shi tun 14 ga Oktoba 2025. An ba ni sanarwa in mayar Hausa don direbobi da masu sito da wakilanmu na Bukuru da Mangu. Ƙaura na sa wa kwashewar, wannan ba matsala. Inda na tsaya: duk wanda ya saita akwatinsa yana yin fowadin da kansa zuwa Gmail ko Yahoo, daga daren Juma'a abin zai daina aiki. Ƙarfe 10 na safe za a buga.

Ɗan Gangare: Wa alaikumus salam Malama. Tura mana. Kowa cewa yake "turo min".

Mai Fassara: Shi na fara rubutawa. Sai kan sanarwar ya fito haka: AN HANA TURAWA ZUWA WAJE. Na kai wa mai gadi ya karanta, ya ɗago ya ce, "Hajiya, waɗanne Turawan kuma aka kama?"

Ɗan Gangare: Wayyo cikina! To miƙawa.

Anti ta Farin Gada: Miƙawa hannu da hannu ce. Kuma ku duba "waje" ɗin ma. Ka ce wa direba adireshin waje, Ingila ko Dubai zai kawo a ransa, ya ce ai bai shafe shi ba.

Mai Saba, Rayfield: Anti ta yi gaskiya. Amma kafin ku zaɓi kalma, abu biyu ne, kuma ɗaya kaɗai aka toshe. Na farko: saƙo ya zo maka, ka karanta, ka danna ka aika wa wani. Wannan yana nan. Na biyu: ka kafa ƙa'ida sau ɗaya, duk abin da ya shigo ya wuce wani adireshi ko kana barci. Shi Microsoft ta rufe tun 2020, sai mai kula da tsarin ya buɗe da hannunsa. In ba a buɗe ba saƙon ba ya fita, sai dai sanarwar gazawa mai lamba 550 5.7.520. In kika sa kalma ɗaya ta rufe biyun, ranar Litinin rabin ofis za su ji tsoron aika wa kwastoma rasit.

Mu kanmu muna amfani da irin na biyun lokacin ƙaura. Bayan an sauya alamar MX, wato bayanin da ke nuna sabar da za a kai wa imel ɗin kamfani, ba duk sabobin duniya ke gane sabon gida nan take ba, wasu saƙonnin tsohuwar saba za su ci gaba da zuwa, ita kuma ta wuce da su sabon akwati. Wannan cikin gida ne, kada ya shiga sanarwar.

Baba Tsohon Malami: Yara, kun bar jaki kuna dukan taiki. Tun farko me ya kawo imel da saba da fowadin cikin takardar da aka ce Hausa ce? Wasiƙar lantarki. Uwar garke. Shi kuwa abin da kuke nema sunansa zarcewa. Saƙo ya zo bai sauka ba, ya zarce. Shekara da shekaru nake faɗin wannan.

Ɗan Gangare: Baba, a gafarce ni, wasiƙar lantarki a unguwarmu bil ɗin wuta ne. Zarcewa kuma, wallahi tazarce kawai nake ji. Za a ɗauka manaja ne ya ƙi sauka.

Baba Tsohon Malami: Ba a haife ka ba lokacin da aka yi tazarcen, kai dai ka ji ana faɗa. Don 'yan siyasa sun ari kalma ba ta zama tasu ba.

Anti ta Farin Gada: Baba, ni zarcewa ta yi mini daɗi a kunne, amma tana da rauni. Saƙo ne ke zarcewa, kamar shi ya ga dama. Sanarwar kuwa da mutum take magana: kai ka saita, kai za ka cire. Ana son aikatau mai ɗaukar karɓau. Karkatar da. Kamar yadda masu lambu ke karkatar da ruwa, a datse nan ya bi can.

Wani daga Kano: Karkatarwa ce daidai, kuma da kun tambaye mu tun farko da an gama. Hausar Jos da ba ta raba mace da namiji ita za ta yi wa mutane ƙamus?

Ɗan Gangare: To fa, an zo wurin. Yallaɓai, a Terminus Berom da Ngas da Bafulatani da Bayarabe da wace Hausa suke ciniki? Tamu. Taku sai an nemo mai fassara.

Wani daga Kano: "Matata ya zo" ce za ta shiga takardar kamfani?

Baba Tsohon Malami: Ni a Jos na koyar har na yi ritaya, ɗalibaina ba su taɓa rubuta haka ba. Kuma Kano ɗin ce ta fi kowa cusa Turanci yanzu, ku saurari yaranku.

Mai Fassara: Don Allah malamai, saura mini awa goma sha biyu, kuma Anti da ta kawo karkatarwa 'yar Farin Gada ce, ba daga Kano ta zo ba.

Mai Saba: Karkatarwa na da 'yar matsala ɗaya. Tana nuna saƙon ya bar akwatin gaba ɗaya, alhali akwai saitin da ke ajiye kwafi sannan ya aika. Amma ga wannan sanarwar ba komai, duka biyun an toshe. Malama, ki ƙara dalili ko da layi ɗaya, in ba haka ba za su yi ta zuwa ofishina suna roƙo. Bayanan kwastoma ba sa zama a akwatin mutum na kansa, in ya bar aiki da su zai tafi, ga kuma dokar kare bayanai ta 2023. Ko an buɗe musu ma ba tabbas: Gmail na duba ko sabar da ta kawo saƙo tana cikin waɗanda mai aikowa na asali ya amince da su, in ba ta ciki yakan iya jefa shi cikin tarkace ko ya ƙi karɓa.

Ɗan Gangare: Ni fa har yanzu ina ganin a rubuta fowadin kowa ya huta. Kira ma daibatin muke cewa, ba wanda ya mutu.

Mai Fassara: Ga abin da zan kai: "Daga daren Juma'a, karkatar da saƙonni kai tsaye, wato fowadin da ke yin kansa, zuwa adireshin da ba na kamfani ba zai daina aiki. Har yanzu kana iya tura saƙo ɗaya ɗaya da hannunka idan aiki ya buƙata." Dalilin zai biyo a ƙasa. Na gode ƙwarai, Allah ya saka.

Baba Tsohon Malami: Kalma goma sha a inda guda ɗaya ta isa. To, ki buga, takardarki ce. Amma ki cire mini saba.

Mai Fassara: Baba, uwar garke na gwada wa mai gadin ɗazu, ya tambaye ni ko kamfanin ya fara kiwo. Saba ta zauna tukuna.

Baba Tsohon Malami: Wannan mai gadin naku shi ya kamata a kawo mini aji.