Cikin sati goma gare ni, na kasa rabuwa da shisha

Mai tambaya, Jidda: Assalamu alaikum 'yan uwa, a sakaya sunana don Allah. Cikin fari ne, sati goma. Shekara huɗu ke nan kullum bayan isha'i sai na sha kai ɗaya na mu'assal, wato tabar shisha, da rana kuma sigari kara huɗu a ɓoye. Na rage zuwa biyu. Ƙawata ta ce shisha ba komai, tunda ruwa yana tace hayaƙin. Gaskiya ne? Na makara?

Ungozoma, Makka: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki makara ba. Wadda ta daina kafin sati 15, haɗarin bakwaini da na haihuwar ƙaramin jariri kan sauko kusan daidai da na wadda ba ta sha.

Amma ƙawarki ta yi kuskure. Ruwan kwalbar sanyaya hayaƙi kawai yake yi. Garwashin da ke saman kan shi ke fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ke kama jini fiye da oksijin sau 200, alhali ta mabiyiya kaɗai ɗanki yake samun iska. Nikotin kuma yana tsuke jijiyoyin da ke kai masa jini. Shi ya sa jariran masu shan taba kan zo da ragin kusan giram 200, wani lokacin ma mabiyiya ta ɓalle kafin naƙuda.

Ragewa ba ta wadatarwa, domin mai kara biyu takan zuƙa da zurfi ba tare da ta sani ba. Ki tsayar da ranar dainawa cikin satin nan. Daren jajibirinta ki fitar da kwalba, tiyo, gawayi da ashana daga gidan. Kwana ukun farko su ne masu zafi. In ƙwalamar ta taso, minti uku zuwa biyar take yi ta lafa: ki sha ruwan sanyi, ki yi alwala, ki sauya ɗaki. Ki kuma faɗa wa mai yi miki awo gaskiya, ba za ta tona miki asiri ba.

Mai harhaɗa magunguna, Madina: 'Yar uwa, ki kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya ta Saudiyya, ki tambayi asibitin daina shan taba. In dauriya ta gagara, likita na iya rubuta miki cingam ko filastar nikotin. Filastar da safe ake liƙa ta, a cire kafin barci. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na kanti: ki ɗan tauna har ki ji yaji, ki ajiye shi a gefen kunci, in ba haka ba sai shaƙuwa da tashin zuciya. Ƙwayoyin daina taba na Champix da bupropion kam ba a ba mai ciki. Ki rage gahawa da shayi ma, don bayan daina taba sun fi daɗewa a jiki, sai bugun zuciya da rashin barci.

Wata uwa, Jidda: 'Yata, in maigidan yana sha, ya fita waje gaba ɗaya, buɗe taga ba ya hana hayaƙin zama a labule da kujeru. Zaman bayan isha'in nan kuma ki ƙaurace masa ko da na wata ɗaya ne. Allah ya raba lafiya.