Na ci 218 a JAMB kuma likitanci nake nema: in sake zama ko in canza kwas?

'Yar Gwammaja ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana huɗu ke nan ina rubuta saƙon nan ina gogewa. Ranar Juma'a bayan la'asar na tura saƙo 55019 da layin da na yi rijista da shi, sakamako ya shigo: Turanci 61, Bayoloji 68, Kemistiri 52, Fiziks 37. Jimilla 218 cikin 400, ga shi likitanci na cike a BUK, wato Jami'ar Bayero ta Kano. Ina gaban murhu ina jiran ruwan tuwo ya tafasa na karanta. Na kifa wayar a kan tabarma na ci gaba da talge kamar ba abin da ya faru. Sai bayan isha'i na iya buɗe baki na gaya wa Umma.

Na san inda na faɗi. Tambaya 180 ce cikin awa 2, ni kuma na fara da Turanci na zauna a kansa ina maimaita karatu. Ko da na iso Fiziks, agogon da ke saman kwamfutar yana nuna saura minti 19. Na ƙarshen duk canke na yi. Dama can ban ƙware a Fiziks ɗin ba, don a makarantarmu mun yi zango biyu cur babu malaminsa. A WAEC ina da kiredit a duka biyar ɗin da ake nema a zama ɗaya, amma shi C6 na samu.

Yanzu kan gidanmu ya rabu. Baba ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, amma na san yadda ya haɗa kuɗin lesin na wata uku, kuma ina ganin yadda yake dawowa daga kasuwar Kwari kwanakin nan, wani lokacin ko rabin abin da ya saba bai sayar ba. Kawu ya ce in je a canza mini kwas tun kafin a rufe, ko aikin jinya ko ma mene ne. Gwaggo kuwa ta fara cewa budurwa ba ta zaman shekara guda a gida ba karatu ba aure, kun kuma san inda maganar ta dosa.

Ba don a kira ni dakta nake so ba. Ranar da Yayata za ta haihu ina tare da Umma, na ga yadda ta riƙa bin ma'aikata tana tambaya ko akwai likita mace a bakin aiki. Tun daren nan na sa abin a raina. Don Allah wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba ni shawara: in sake zama baɗi, in canza kwas, ko in tafi IJMB, wato karatun share fagen shiga jami'a?

Abban Ɗorayi ya amsa:

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ina aji huɗu a likitanci yanzu, kuma sau biyu na zauna JAMB. Na farko 226 na ci, na biyu 281. Ba zan ɓoye miki ba, 218 ba zai kai ki likitanci a BUK ba, ko da an duba cewa ke 'yar jiha ce. Masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba, kuma ba jami'a ce kaɗai ke yanke adadin ba, hukumar MDCN mai kula da aikin likitoci ce ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci iya ɗaliban da za ta ɗauka. Saboda haka kada wani ya karɓi kuɗin Baba da sunan yana da hanya.

Amma ki daina kallon jimillar, ki kalli rabe-raben. Mai 68 a Bayoloji ba daƙiƙiya ba ce. Ramin naki guda ne, ko ɗaya da rabi in an haɗa da Kemistiri, kuma an san maganinsa. Abin da na yi a shekarata ta biyu shi ne, kullum bayan asuba in ɗauki tambayoyin shekarun baya guda 40 na Fiziks, in saita agogon waya a minti 25, in ya buga in ajiye biro ko ban gama ba. Duk wadda na faɗi sai na rubuta dalilin faɗuwar a wani littafi daban: ban san dokar ba ne, lissafi ne ya kuɓuce, ko gaggawa ce. Wata biyu da farawa na gano rabin kurakuraina a lantarki da haske suke, sai na tattara ƙarfina can. Ranar jarrabawa kuma na fara da Bayoloji don yana saurin tafiya, na bar Turanci a ƙarshe.

Sharaɗi ɗaya ne. In za ki sake, ki sake da sabon tsari. Na san waɗanda suka zauna sau uku da irin karatun da suka yi a na farko, makin bai motsa ba. Kuma ki sani sakamakon bana na bana ne kawai, ba a ajiye shi zuwa baɗi.

Maman Hanif ta amsa:

Ƙanwata, ni ta ɗaya hanyar na bi, bari ki ji nawa ɓangaren. Ni ma likitanci na nema, ban samu ba, na koma kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Na yi kuka sosai a lokacin, har na ƙi zuwa ɗaurin auren ƙawata don kada a tambaye ni. Shekara 5 na yi, na ƙara shekarar horon aiki, yau shekarata bakwai a ɗakin gwaji. Ranar da aka kawo mace tana zubar da jini bayan haihuwa, ni ce nake duba rukunin jininta, in gwada shi da na leda kafin a ɗaura mata. In na yi kuskure a nan, ƙwarewar likitan ba za ta cece ta ba. Abin da ya tsaya miki a rai a daren haihuwar Yayarki, ba likita kaɗai ke ɗauke shi ba. Ungozoma ce ke kwana a kan mai naƙuda, kuma Kano na da ƙishirwarsu ƙwarai.

Ba cewa nake ki haƙura ba, ina so ne ki lissafa da shekarunki da yanayin gidanku. Likitanci shekara 6 ne in ba a samu tsaiko ba, sai shekarar horo a asibiti, sai hidimar ƙasa. Abba namiji ne, da ya zauna shekara guda ba wanda ya kawo masa maganar aure. Ke kuwa kin ji abin da Gwaggo ta fara. In za ki zauna, ki sa Baba ya faɗa da bakinsa a gaban 'yan uwansa cewa wannan shekarar ta karatu ce. In bai faɗa ba, watan azumi kaɗai ya isa a canza miki lissafi.

Kuma kada Kawu ya ɗauka canza kwas kamar canza layi ne a gidan mai. Digirin jinya, gwaje-gwaje, haɗa magunguna, ɗaukar hoton majinyata, gashin ƙashi, duk cike suke da waɗanda suka gangaro daga likitanci da maki masu kauri. Ki fara duba abin da jami'ar ta sanar na kowane sashe a bana kafin ki biya kuɗin canji. Ki kuma leƙa makarantun jinya da ungozoma da na kimiyyar lafiya da ke cikin gari.

Malam Na Kabuga ya amsa:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya kafin ki yanke. Na koyar da Kemistiri shekara 24 a sakandare, abu biyu zan ja miki kunne a kai.

Za a ce miki ki shiga Anatomi ko Fiziyoloji ko Bayokemistiri, in kin yi ƙoƙari a aji ɗaya sai a mayar da ke likitanci. Ɗalibaina da yawa sun shiga da wannan niyyar, waɗanda suka haye ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Dalilin shi ne abin da Abba ya faɗa, gurbin a ƙidaye yake. Kada ki karɓi kwas sai wanda za ki iya kammala shi da zuciya ɗaya in ƙofar ba ta buɗe ba.

IJMB kuwa hanya ce ta gaskiya, ABU Zariya ce ke kula da jarrabawar, kuma ana yin ta a CAS, kwalejin share fage ta jiha, nan cikin gari. Darasi uku ne, ki gama ki sayi fom ɗin shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Sai dai guraben likitanci ta wannan ƙofar sun fi na JAMB ƙaranci, kuma Fiziks ɗin can ya fi wanda ya ba ki wahala zurfi. Amfaninta a wurinki shi ne kina fita makaranta kullum, bakin Gwaggo ya mutu, Fiziks ɗinki ya ƙarfafa, sannan ki sake zama JAMB a cikin shekarar. In aljihun mahaifinki zai ɗauka, wannan nake ba 'yar cikina shawara.

In wani ya kawo zancen waje, ku yi hattara. Ɗan ƙanina yana aji uku a Khartoum yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, ta iyakar Masar aka kwaso su. Kuma duk wanda ya gama a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a nan. Na kusa ma akwai: ki duba Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta kimiyyar lafiya da ke Azare lokacin cike fom na gaba, kada ki rataye komai a ƙofa ɗaya.

'Yar Gwammaja ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na karanta wa Baba amsoshinku ɗaya bayan ɗaya yana cin abinci. Da na zo kan maganar Anti Maman Hanif sai ya ajiye cokali ya yi shiru, can ya ce ranar Asabar zai je gidan Gwaggo da kansa. Ya ce in je CAS in tambayo kuɗin da lokacin da suke fara ɗauka, sannan mu zauna mu lissafa. Kawu dai har yanzu yana kan bakansa, ya ce zai raka ni makarantar ungozoma in gani da idona, na kuma amsa masa zan je.

Yaya Abba, na gwada abin da ka ce yau da asuba. Minti 25 suka cika ina tambaya ta 23, na ci 14. Don Allah wane littafin Fiziks ka yi amfani da shi a ɓangaren lantarki? Nawa bayaninsa a dunƙule yake, ba na gane inda lissafin ke fitowa.