Da wane wata mutanen Mars za su ɗauki azumi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Mu shida ne muke haɗa wani ƙagaggen labari, kowa ya riƙe mutum ɗaya yana magana da bakinsa. Labarin wasu Musulmi ne haifaffun duniyar Mars, jikokin masu haƙar ma'adinai. Ni aka ba limamin garin, yau sati biyu ke nan na cije.

Lokutan salla ba su wahalar da ni ba, tunda kwanansu awa 24 da minti 39 ne, rana na fitowa tana faɗuwa. Azumi ne ya tsaya mini a wuya. Wata biyu gare su, Fobos da Daimos. Shi Fobos ko awa takwas ba ya cikawa ya gama zagaye, ta yamma ma yake ɓullowa. Wanne za a fita duba?

Na ce su jira sanarwar Makka, saƙo ba ya wuce minti 22 a hanya. 'Yar uwar da ke riƙe da shugabar ma'aikata ta ce atafau, wanda kakansa bai taɓa ganin jinjirin watanmu ba yaushe zai zauna jiran rediyo? Na so in jingina da ƙa'idojin da Malesiya ta tsara wa ɗan sama jannatinta Sheikh Muszaphar Shukor a 2007, amma shi matafiyi ne na 'yan kwanaki.

Ba fatawa nake nema ba, labari ne. Mu raba garin gida biyu, masu bin Makka da masu lissafi, ko akwai wata dabara? Sannan alƙiblar da ke yawo a sama tare da duniyarmu, wani lokaci tana ƙarƙashin ƙafa, ina magini zai sa mihirabi?